Cikin tantinmu na jiƙewa a bakin ruwan Tiga

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni da ƙannena biyu muka kafa tanti a bakin Dam ɗin Tiga, ɓangaren Bebeji, yau kwana uku. Kullum da asuba sai mu tarar rufin na ɗiga ta ciki, bargo da tabarma sun jiƙe sharkaf, alhali hunturu ne, ko yayyafi babu.

Na zuge ƙofa ruf, na toshe tagogi, abin ya ƙaru. Na lulluɓa leda a sama, ya ma fi muni. Jiya muka hura gawayi a ciki, ƙaramin ya kama ciwon kai da jiri, dole muka fitar da shi waje. Wallahi na rasa yadda zan yi.

Yaya zan hana danshin nan ba tare da sanyin ruwan ya shigo mana ba?