Me ya sa ba a sake shata mazaɓun tarayya ba?

Ɗan Dala: Jama'a, ina neman ƙarin haske. Kano da Legas kowacce tana da kujeru 24 cikin 360 na Majalisar Wakilai, to yaushe ne za a sake rabon?

Malamin Makaranta: Ɗan'uwa, sashe na 73 na kundin tsarin mulki ya ɗora wa hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, alhakin sake duba mazaɓu bayan aƙalla shekara goma, amma sauyin ba ya aiki sai majalisun tarayya biyu sun amince, kuma da wuya ɗan majalisa ya yarda a rage wa jiharsa kujera.

'Yar Zazzau: Gaskiya ne, Malam. Abin da ya fi damuna shi ne ƙidaya, domin da yawan jama'a ake shata mazaɓu, kuma tun 2006 ba a sake ƙirga mu ba.