Zan sauya sunan tebur da kwalam, me zai karye?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum. Ina kula da manhajar sakamakon jarrabawa ta wata makarantar kuɗi, a kan MySQL, manhajar adana bayanai a tebur-tebur. Wanda ya fara aikin ya sa wa teburin ɗalibai suna tbl1, kwalam ɗin aji kuma x2. In gyara yanzu ko sai an yi hutu?

Injiniyan Kongo: Wa alaikumus salam. Koma PostgreSQL, takwarar MySQL, ka huta, can VIEW (ajiyayyiyar tambaya da ake karantawa kamar tebur) na bin sabon suna da kansa.

Ɗan Samaru: Yaya, ba ƙaura na tambaya ba.

'Yar Tudun Wada: Hutun me? Na yi wa wani kemis a Sabon Gari aiki da PostgreSQL ɗin. Mai shagon ya kawo ɗan ƙanwarsa ya sauya sunan kwalam ɗin farashi ba da sanina ba. VIEW ya bi, gaskiya ne. Amma abin da aka rubuta da PL/pgSQL, yaren rubuta kod a cikin PostgreSQL, rubutu ne zalla ake ajiyewa, ba ya ƙorafi sai ranar da aka kira shi. Ƙarshen wata lissafin riba ya ƙi fitowa, Alhaji na tsaye a kaina da carbi yana cewa na cuce shi. Cikon kuɗina har yau shiru.

Baban Kwarbai: Sauya suna ai sai da rago. Nawa ne na tbl1?

Malamin Kwamfuta: Ƙanena, bari sai hutu. Ɗauki kwafi da mysqldump, ka bi kod ɗinka da grep ka ga duk inda tbl1 da x2 suka fito. A MySQL, FOREIGN KEY (abin da ke ɗaure tebur da wani tebur) na bin sabon sunan tebur, VIEW kuwa karyewa yake. Umarnin sauya sunan kwalam, RENAME COLUMN, sai a MySQL 8.0, a 5.7 umarnin CHANGE ne, kuma sai ka sake rubuta nau'in kwalam ɗin. Bayan sauyin, ƙirƙiri VIEW mai tsohon suna na ɗan lokaci.

Injiniyan Kongo: Malam, allo daban, kasuwa daban. Irin wannan dubu 150 nake karɓa.

Baban Kwarbai: Akwai yara a PZ, nan Zariya, da za su yi a dubu 20.

'Yar Tudun Wada: Irinsu ne suka ja min. Ku daina miƙa wa masu shago kalmar sirrin sabar, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan, sai sun biya.

Malamin Kwamfuta: Hajiya, in kika riƙe, ƙararki za su kai wa mijinki.

Ɗan Samaru: Ni ma fa makarantar ba ta biya ni na zangon bara ba.