Lissafin ƙarshen 2024: ya shekarar ta bar gidanku, jikinku da wajen nema?

Uwargidan Kurna

Salamu alaikum jama'a. Tunda ga Disamba ta raba na ce bari mu yi lissafi tsakani da Allah, amma don Allah ban da siyasa, wannan mun sha mun ƙoshi, abin da ya shigo cikin gidanku nake so ku faɗa. Bari in fara.

Mu dai bana ciwon Hajiyarmu ne ya cinye shekarar, wato surukata, a wajenmu take. Tana da hawan jini ta daɗe, da can maigidan yakan sayo mata maganin wata guda a kwali, da abubuwa suka yi tsada sai ya koma sayen kati-kati. Ashe baiwar Allah ganin yadda ɗanta ke fama sai ta fara tsallake, yau ta sha gobe ta ajiye wai tana masa tattali, babu wanda ya sani. Cikin azumi, wannan zafin na Maris da kowa ya ji a jikinsa, ana gab da shan ruwa ta miƙe za ta yi alwala buta ta suɓuce mata, na juyo na ga baki ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki. Bayan an ba ta gado na dawo ɗaukar mata kaya, ina ɗaga filo na ga gwangwanin man shafawa cike da ƙwayoyin da muke zaton ta shanye. Wallahi a wajen na zauna na yi ta kuka. Abin da aka kashe a gado da gashi da kuɗin adaidaita zuwa asibiti da zai sayi maganin shekaru, har awarwarona sai da suka tafi. Yanzu Alhamdulillah tana takawa da sanda, magana ta dawo sai dai in ta gaji harshen ya ɗan yi nauyi.

Sana'a kuma, zoɓo da kunun aya nake ƙullawa, to a Oktoba da wuta ta ɗauke a arewa kusan gaba ɗaya sama da mako firjin ya zama kabad, ƙanƙara ta fi ƙarfina, na haƙura na koma suyar awara da yamma a ƙofar gida. Abin farin ciki ɗaya, babbar 'yarmu ta yi saukar Alƙur'ani.

Malamin Firamare

Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Ni nawa lissafin da ban dariya a ciki. A Yuli aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na dubu 70 muka yi ta murna a ɗakin malamai har da masu cin bashi a kansa, kafin ya iso hannunmu litar mai ta haura dubu a Oktoba, to wa aka yi wa ƙarin? Na zauna na buga lissafi na ga babur ɗina ya fi 'ya'yana ci, sai na jingine shi a zaure na sayi keke na hannu. Yara suna ta min dariya wai Malam ya koma zamanin da. To ku ji ikon Allah, ina da ciwon suga, likita ya yi shekaru yana ce min in riƙa motsa jiki ina cewa to, da na koma awo bayan wata biyu a kan keken nan sai ya dube ni ya ce me ka canza? Na ce ranka ya daɗe talauci ne.

Abin da ya riƙe gidana gona ce ba albashi ba. Taki ya gagara sai na zuba na gida, na rage masara na ƙara wake da gero, abin da na samu ba zai kai mu wata kakar ba amma ya ɗauke mana awo na watanni. Wanda ke damuna sai a aji, kafin tara da rabi za ka ga yaro ya kifa kai a benci, da na ɗauka lalaci ne ina tsawa, in ka tambaya sai ya ce bai karya ba. Yanzu na daina tsawar.

Nas Mai Aikin Dare

Anti ta Kurna sannu, Allah ya ba da lada. Abin da Hajiya ta yi wallahi shi muka fi gani bana, ba ita kaɗai ba ce, tsofaffi ne suka fi yi saboda kunyar 'ya'yansu. Hawan jini ba ya ciwo shi ya sa mutum yake ganin ya warke, kuma maganinsa ba irin na zazzaɓi ba ne da za a sha a gama, in aka tsallake jinin komawa yake ya hau. Don Allah duk mai tsoho a gida ya riƙa ba shi a hannu yana gani ya haɗiye. Sannan in kuɗin ya yi yawa ku koma wajen likita ko mai harhaɗa magani ku faɗi gaskiya, sau da yawa akwai irinsa na wani kamfanin mai sauƙi, a dai duba lambar NAFDAC, ya fi a raba ƙwaya biyu ko a daina. Masu asma ma sun sha wuya, tun da kamfanin magani na GSK ya tattara ya bar Najeriya a 2023 kuɗin abin shaƙar nan Ventolin ya haukace.

Ni kaina ban tsira ba. A sashenmu abokan aiki sun yi ta tafiya, wasu Saudiyya wasu Ingila, ba a kawo madadinsu ba, aikin mutum uku ya dawo kan ɗaya, ina fita aikin dare in dawo in dafa abincin 'yan makaranta in kwanta awa kaɗan, har olsa ta kama ni ina ba wasu shawarar su ci abinci kan lokaci. Maigidan ya ce in nemi tafiyar nima, na fara haɗa takardu sai na dubi autana da ko yaye ban yi ba na mayar da su cikin durowa. Ban ce na fasa ba dai. A Nuwamba mun ji ministan lafiya Ali Pate ya ce tiyatar haihuwa za ta zama kyauta ga mata marasa ƙarfi, ina addu'a ta iso har inda muke, don na ga mazan da ke fita neman kuɗin aiki matar na kwance tana zubar da jini.

Telan Gwange

Ni in na ce zan ba da labarin bana sai mu kwana. Daren 9 ga Satumba wayewar 10 dam ɗin Alau ya ɓalle, mu a Gwange muna cikin waɗanda ruwan ya fara ci. Muna barci maƙwabci ya buga ƙofa, kafin in gama tashin yara ruwa ya kai gwiwa, kafin mu fita layi ya kai ƙirji. Na goya mahaifiyata, matata da tsohon ciki ta ɗora ƙaramin a wuya, babu wanda ya ɗauki ko takalmi. Manya sun ce rabon Maiduguri da irin wannan tun 1994. Ga tsoro kuma an ce namun gidan zoo sun fito, duk abin da ya taɓa ƙafarka a ruwa sai gabanka ya faɗi.

Ba mu je sansani ba, wani ɗan uwan babanmu ya karɓe mu, gida uku muka haɗu a gidansa maza a zaure mata a ciki, bai taɓa ɗaure mana fuska ba Allah ya saka masa. Yara duk sun yi gudawa da zazzaɓi amma sun tashi. Da ruwa ya janye na je shago, kekunan ɗinki biyu sun yi tsatsa, shaddojin mutane da atamfofi sun haɗe da laka sun zama curi guda, wari ba a magana. Wannan ya fi hana ni barci a kan gidan da ya rushe, kayan amana ne, har da na wata amarya. Na bi su ɗaya-ɗaya ina ba da haƙuri, yawanci kafin in rufe baki sun ce Malam mu ma namu gidan ya tafi, bar maganar. Mutum ɗaya ne ya ce sai na biya, kuma haƙƙinsa ne, ina biya kaɗan-kaɗan. Keke ɗaya ya tashi bayan an wanke shi da kananzir, da shi nake lallaɓawa. Matar ta sauka lafiya a Oktoba, mace, a ɗakin aro aka yi suna.

Uwargidan Kurna

Innalillahi. Malam tela ai sai na ji kunyar kukan firjina. Allah ya mayar da alheri, ya raya jaririya.

Ta Damagaram

Gaisuwa gare ku daga Nijar. Mu ma ruwan bai bar mu ba, farkon Satumba tsohon masallacin Birni na ƙasa da muka tashi muka tarar ya faɗi, mutane har kuka suka yi, gidajen ƙasa kuwa ba a lissafi. Ɗakin kakarmu ya zauna, Allah ya sa tana waje. Yara ba su koma lakwal ba sai 28 ga Oktoba don an zuba waɗanda ruwa ya kora a cikin azuzuwa, wata guda cur suna gida suna cinye mini kai.

Amma gaskiya ni ba zan ce shekarar ta ƙi ni ba. An rage kuɗin likita da rabi a asibitocin gwamnati, haihuwa kuma kyauta, ƙanwata ta haihu bayan an fara sai magani kawai muka saya. Sannan tun da aka buɗe iyaka a Maris maigidana ya koma sarin atamfa a kasuwar Kwari ta Kano, da yake naira ta faɗi in ya canza jikkunansa na sefa sai ya cika buhu. Ku yi haƙuri fa 'yan uwa, na san abin da ya yi muna daɗi shi ya yi muku ciwo.

Malamin Firamare

Hajiya ai mun gani, da mu ke zuwa muku da fankama yanzu ku ke taya kaya ba ku neman ragi. Allah ya sa albarka, a dai riƙa tunawa da maƙwabta.

Ɗan Taura

Ban so yin magana ba. Tankar man da ta faɗi ta kama da wuta a Majiya daren 15 ga Oktoba, cikin sama da mutum 150 da suka rasu akwai ɗan yayata, shekararsa ta ƙarshe a sakandare. Ya fita da galan ne ɗibar mai kamar sauran. Masu cewa kwaɗayi ne ba zan yi musu da su ba, ni dai na san rabon gidan da a ɗora tukunya sau biyu a rana an daɗe. Uwarsa har yau ba ta barci sai da magani, na dawo da ita gidana da sauran yaran. Ku sa mu a addu'a.

Nas Mai Aikin Dare

Allah ya jiƙansa ya ba ku haƙuri. Yaya don Allah maganin barcin nan kar ya zama na kemis kawai, a kai ta ta ga likita, akwai masu duba damuwa kuma ba hauka ba ne. Kar a riƙa barinta ita kaɗai a ɗaki.

Gwauron Layi

Allah ya gafarta masa. Bayan waɗannan ni nawa ba komai ba ne amma bari in faɗa ko a ɗan saki fuska. An sa min rana bayan Babbar Sallah, aka ɗaga zuwa kaka, yanzu an ce sai bayan azumi, duk saboda lefe, duk sanda na tara kuɗin akwati sai in je kasuwa in tarar ya tashi ya bar ni. POS nake yi, ciniki akwai amma ribar tana tafiya a cajin waya da kuɗin mota, ga kwastoma na faɗa da kai kan kuɗin cira kamar kai ka ƙara. Lafiya lau nake sai ramewa, Inna ta ce tunani ne, ni na san garin kwaki ne. Yarinyar dai ta ce ko akwati biyu ne ta yarda, gwaggonninta ne suka ce ba a gidansu ba.

Ta Damagaram

Ɗana ka tura manya su samu mahaifinta kai tsaye, ba gwaggonni ke ɗaura aure ba. In ya amince da biyun a sa rana kafin azumi, in ka jira bayan Sallah atamfa ba sauka za ta yi ba, mijina ke saro ta na sani.