Me ya sa aka hana jariri mai shawara allurar Rocephin?

Ɗalibar unguwarzoma:
Assalamu alaikum. Ina koyon aiki a ɗakin jarirai, kuma akwai abin da ya tsaya min a rai. An kawo wani bakwaini, kwanansa 4 a duniya, idonsa da fatarsa sun yi rawaya, ya ƙi kama nono, ga zazzaɓi. Mahaifinsa har ya sayo Rocephin, wato seftiriyakson, don a unguwarsu ita ce allurar da kowa ya yarda da ita. Likita ta ce a mayar, ta rubuta amfisilin da jentamaisin, aka sa yaron a ƙarƙashin fitilar maganin shawara. Da na tambaye ta dalili sai ta ce, "Tana ƙwace wa bilirubin wurin zama," ta wuce gado na gaba. Uban ya yi ta kallona yana jiran bayani. Don Allah wane wurin zama ne wannan?

Mai haɗa magunguna:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. A ruwan jini akwai furotin da hanta ke yi, sunansa albumin, kusan giram 3.5 zuwa 5 a kowace desilita a jikin babba. Ki ɗauke shi kamar motar haya mai ƙididdigaggun kujeru: bilirubin, wanda shi ne ke kawo rawayar shawara, yana hawa ya zauna har a kai shi hanta. Muddin yana zaune ba ya iya tsallakawa cikin ƙwaƙwalwa. Wanda ke yawo a sake shi ne mai ɓarna.

Seftiriyakson kuwa kashi 85 zuwa 95 cikin 100 nata yana manne wa albumin, kuma tana ture bilirubin. Bakwaini dama albumin ɗinsa kaɗan ne, riƙonsa ba ƙarfi, hantarsa ba ta gama nuna ba, shingen da ke tsakanin jininsa da ƙwaƙwalwarsa ma haka. Idan bilirubin ya shiga can, yaro na iya mutuwa, ko ya tashi kurma, ko da sanƙarewar gaɓoɓi har abada. Septrin, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ɗauke da salfa, ita ma haka take yi, shi ya sa ba a ba jariri sabon haihuwa. In har ana buƙatar allura daga dangin Rocephin ɗin, sefotakzim ake ɗauka.

Tsohon malamin jinya:
'Yata, da rayukan yara aka gano wannan. A 1956 likita William Silverman a birnin New York na Amurka ya wallafa sakamakon gwajin magunguna iri biyu da ya yi a kan bakwaini don kare su daga ƙwayoyin cuta. Waɗanda aka ba penisilin haɗe da wani maganin salfa sun fi mutuwa, kuma da aka duba ƙwaƙwalwarsu an same ta rine da rawaya. A 1959 Gerald Odell ya nuna cewa salfa ce ke ture bilirubin daga jikin albumin. Abin da ke tayar min da hankali a nan gida shi ne ƙarancin sinadarin G6PD, mai kare jajayen ƙwayoyin jini, ya yi yawa a cikin yaranmu maza, jininsu na saurin fashewa, bilirubin ya hau. Sai kuma a ajiye kayan jariri da kafur, wanda ke iya fasa jinin irin waɗannan yara, a jira ya kwana bakwai kafin a kai shi asibiti.

Mai haɗa magunguna:
Gaskiya ne, Baba. Amma ƙanwata, kada ki ɗauka kowace turereniya haɗari ce irin wannan. Wafarin, maganin hana daskarewar jini, kusan kashi 99 nasa a manne yake da albumin, amma a jikin babba mai lafiyar hanta, abin da aka ture hanta kan kwashe shi. Yawancin zubar jinin da ake gani idan an haɗa shi da Septrin, daga hana hanta sarrafa shi ne. Jariri ne ba shi da wannan mafita.

Ɗalibar unguwarzoma:
Allah Ya saka da alheri, Baba, na gode Yaya. To uwar fa? Tana shayarwa, kuma na ga Septrin a jakarta, ta ce na ciwon mara ne. In kai wa likita maganar kafin zagayen safe?

Mai haɗa magunguna:
Ki kai yanzu, kada ki jira safe. Septrin tana fita ta nono, kuma yaron bakwaini ne mai shawara.