Me za mu kira "extracellular matrix" da Hausa?

Jama'a, kwana uku ina fassara wani bayani kan sankarar mama, kalma guda ta tsaya mini a wuya: extracellular matrix. Ana nufin abin da ke kewaye da ƙwayoyin halitta, ba abin da ke cikinsu ba. Ƙwayoyin ne ke fitar da shi, su kuma zauna a cikinsa. Mafi yawansa kolajin ne, sai su laminin da faibronektin, dukkansu nau'o'in furotin ne.

In kuna son ganinsa da ido, ku bar farfesun ƙafar sa ya kwana. Romon nan da ke daskarewa yana rawa a kwano da safe, kolajin ne da wuta ta narkar. Ganda ma kusan duk shi ne.

Wani ya ce a ce "mahaifar ƙwayoyi", tunda matrix a Latin na da alaƙa da mahaifa. Asalin ya yi, amma ku ce wa mace a asibiti mahaifarta ta yi tauri alhali maganar mama ake yi, ku ga tashin hankali. Na ajiye wannan.

Wata malama ta kawo "kwaɓi", wato ƙwayoyin su ne tubali, shi kuma ƙasar da magini ke kwaɓawa da ramno ya liƙe su. Wallahi ya burge ni, har na rubuta. Sai na tuna da Mina Bissell.

Wannan baiwar Allah 'yar asalin Iran ce, ta yi shekaru tana bincike a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya a Amurka. An lura cewa in aka ɗauki ƙwayoyin maman ɓera aka shimfiɗa su a faifan roba, sai su baje, su daina yin furotin ɗin nono. In aka sa su cikin wani abu mai kauri mai yawan laminin, sai su dunƙule kamar 'yan buhuna, su koma fitar da nono. Ƙwayar ba ta canza ba, mazauninta ne ya canza. A 1982 ita da abokan aikinta suka kawo ra'ayin cewa matrix ɗin da ƙwayar suna aika wa juna saƙo. A 1997 kuma ɗakin bincikenta ya toshe wani maƙalli mai suna integrin, wanda ƙwaya ke kama matrix da shi, a jikin ƙwayoyin sankarar mama, sai suka lafa, suka koma tsari kamar masu lafiya.

To kwaɓi fa in ya bushe ya bushe, ba ya magana da tubali. Nan ya faɗi.

Ni dai na tsaya kan "saƙar tsakani". Zare ne a sarƙe, ka ja nan can ya motsa, kullum kuma jiki na warware shi yana sake saƙawa. Tana karɓar aiki a jimla: "saƙar tsakanin ta yi tauri a kewayen ƙarin", ko "mai yawan saƙar tsakani a mama, hoton mamanta na asibiti (mamogiram) ya fi wuyar dubawa". Duka biyun gaskiya ne a likitance.

Mai cewa "raga", na ji ka, amma raga ramuka ce, wannan kuwa cike yake da ruwa mai yauƙi.

Siririn ɓangaren da ƙwayoyin bututun nono ke zaune a kai, wanda sankara ke hudawa kafin ta bazu, na sa masa "shimfiɗar ƙwayoyi". Malaman asibiti, ku gwada su a bakin marasa lafiya ku gaya mini wadda ta zauna.