Tambaya: digirin motsa jiki zai kai ni ga kula da 'yan ƙwallo?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman malamanmu da suka karanci fannin wasanni. Ina da NCE ta motsa jiki da kiwon lafiya daga kwalejin Aminu Saleh ta Azare. Yanzu ina koyarwa a wata firamare cikin garin Bauchi, da la'asar kuma ina horar da yaran unguwa. Babban burina in zama mai gina ƙarfin jikin 'yan wasa da farfaɗo da wanda ya ji rauni, a ƙungiya irin Wikki Tourists.

Zaɓin kwas ne ya tsaya min a rai. ABU Zariya da BUK suna da sashen Human Kinetics, wato ilimin motsa jiki, kuma da NCE ana shiga aji 2 kai tsaye, a gama cikin shekara 3. Sai dai digirin na tsangayar ilimi ne. Wani mai gashin ƙashi a asibiti ya ce min jinyar tsagewar tsoka ko targaɗen gwiwa aikin mai lasisin MRTB ne, hukumar da ke kula da masu gashin ƙashi, wato wanda ya karanci fisiyoterafi (ilimin gashin ƙashi). Wannan kuwa karatu ne mai tsawo, sai na sake zama jarrabawar JAMB da darussan kimiyya, ga iyali a wuyana.

Don Allah wanda ya yi Human Kinetics yake aiki da ƙungiyar ƙwallo, a wane matsayi aka ɗauke ka? Ina iyakar abin da aka yarda ka yi wa ɗan wasa mai rauni? Kwas ɗin koci na Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, kafin digiri ya fi amfani ko bayansa?