A Sa Musu Marin Zamani Mu Huta

Baban Ummi: Jama'a, raina a ɓace yake. Yaron da ya ƙwace wayar ƙanwata da wuƙa, ranar Litinin aka kai shi kotu, ranar Alhamis ga shi a bakin layinmu yana harararta. An ba shi beli, an ce ya riƙa zuwa sa hannu, wa zai bincika ko ya je? A Ingila na'ura ake ɗaura wa irinsu a idon sawu, tana nuna inda mutum yake, in ya fita bayan lokacin da alƙali ya yanka masa a sani. Mu ma a sa musu wannan marin zamani mu huta.

Hajiya Babba: Mari? Subhanallahi. Ɗana, ka manta abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a 2019, da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa? Kada ka sake kiran wannan abu.

Baban Ummi: Hajiya, ba ƙarfe nake nufi ba, roba ce kamar agogo.

Ɗalibin Shari'a: Ko ta auduga ce, mari mari ne. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Ka ɗaura masa abu ya shiga masallaci kowa na kallon ƙafarsa, ai ka riga ka yanke masa hukunci.

Na Kantin Kwari: To zaman gidan yarin Kurmawa shekara biyu ba a yi shari'arka ba, shi ba mari ba ne? Mafi yawan waɗanda ke gidan yari a ƙasar nan jiran shari'a suke. Ka tambaye su wanne suka zaɓa.

Hajiya Babba: Ni dai a janye kalmar.

Malam Iro: Ku bar mari, ku dubi mai tsayawa. Abdulrasheed Maina na kuɗin fansho ya tsallake beli a 2020, Sanata Ali Ndume na Borno da ya tsaya masa a kan naira miliyan 500 shi aka tura gidan yarin Kuje. Da akwai na'urar a ƙafar Maina da ba a kai ga haka ba.

Ɗan Borno: Malam, cire sunan Sanata a bakinka. Mutunci ya yi, aka ci amanarsa.

Malam Iro: Ai ban zage shi ba, ɗan'uwa.

Ɗan Borno: Mun san irinku. Ɗan Borno kawai kuke gani.

'Yar Damagaram: Kuma a Yamai aka kama Mainan, ba na'ura ba komai. Jami'anmu suka yi aikin, har yau ba wanda ya gode.

Na Kantin Kwari: Yaya aka yi ya shige muku tun farko?

'Yar Damagaram: Iyakarku ya fara ƙetarewa, ka tambayi naku.

Injiniya: Na'urar nan aba ce da ake caji kullum. Unguwar da ke kwana uku babu wuta, batir ya mutu, sai a ce mutum ya gudu? Kuma Bolsonaro, tsohon shugaban Barazil, ma ƙona tasa ya yi a 2025.

Malam Iro: Kuma aka gane, aka tsare shi. Hujjarmu ka kawo.

Baban Ummi: Har yanzu ba wanda ya gaya mini abin da ƙanwata za ta yi.

Shugaban Zaure: Na rufe nan. Abin da aka tsayar: akasarin 'yan zaure sun yarda cewa wannan na'ura mari ce kuma cin mutunci ce, kamar yadda Hajiya da Ɗalibin Shari'a suka yi bayani da hujja, ga kuma matsalar wuta. Masu goyon bayanta ba su kawo abin kamawa ba. Baban Ummi ya koma wurin ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya shaida masa yaron na tsorata mai shaida, kotu na iya soke belin. Kuma a daina kawo sunan Sanata a zauren nan.